Jinin Da Ke Zuwa A Ƙarshe

A watan Nuwamba ne, an gama girbin gero, iskar hunturu ta fara leƙowa da safe. Na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare da alli kala uku, na zana ƙoda biyu a allo kamar ƙwayar wake, na sauko da bututu daga kowace zuwa mafitsara, na fitar da guda ɗaya waje. Darasi ne da na maimaita har ina iya yin sa cikin gyangyaɗi. Na ce musu ƙoda matata ce, jini na ratsa ta dare da rana, ta tsame datti da rarar ruwa, ta bar jinin ya koma jiki. Shi ya sa, in ji ni, ba a ganin jini a fitsarin mai lafiya.

Sai dariya ta tashi daga bencin baya. Wani dogon yaro, wanda ba ya buɗe baki a aji sai an matsa masa, ya ɗaga hannu.

"Malam, ai maza suna yi."

"Suna yin me?"

"Fitsarin jini, in mutum ya fara girma. Yayana ya yi. Baba ma ya ce ya yi yana yaro, kuma da kansa ya daina."

Babu ɗigon kunya a muryarsa, har da ɗan alfahari. Samari da dama suka gyaɗa kai, 'yan mata suka sunkuya. Amsa na bakina, amma na haɗiye ta. In na faɗa, ta zama maganar Malam da maganar Baba, kuma kowa ya san wanda yaro zai gaskata in ya koma gida. Zai rubuta tawa a takardar jarrabawa, ya riƙe ta ubansa a zuciya. Don haka na share rabin allo na ce, to, an zubar da jini a garin nan, mu nemo wanda ya zubar. Ku faɗo waɗanda kuke zargi.

Suka jero su: balaga, zafin rana, shan rake, tsallake fitsarin wani, ruwan sha. Sunan abin kowa ya san shi, tsargiya. Sunan ne kawai aka sani.

Washegari na zo da gwangwanin madara da ƙananan takardu. Ba suna, ba lamba. Kowa ya rubuta namiji ne ko mace, unguwarsu, ko yana ganin jini, in kuma yana gani, a wane lokaci: farkon fitsari, ko gauraye da shi duka, ko a ƙarshe. Tambayar ƙarshen ita ce suka ɗauka ba ta da amfani, ita ce kuwa ta fara ba mu bakin zaren. Kusan duk wanda ya ce yana gani ya rubuta abu ɗaya: a ƙarshe, 'yan ɗigo, wani lokaci da zafi.

Na cika balan-balan da ruwa na zuba zoɓo ta sama, kamar jinin daga ƙoda yake gangarowa. Da na saki bakin, ruwan ja ya fito tun daga farko har ƙarshe. Na tambaye su me ya sa nasu ba haka yake ba. Aka yi shiru mai tsawo, sannan wata yarinya a layin gaba ta ce, cikin sanyin murya, "Malam, kamar matsar tsumma ne. Sai an murɗe shi sosai sauran ruwan ke fita." Ta buga daidai. Mafitsara jaka ce ta tsoka, tana matsewa ne sosai in ta kusa ƙarewa, kuma in bangonta na da miki, a wannan matsar ce mikin zai zubar da jini. Muka zagaye mafitsara da jan alli. Mun san inda aka yi ta'asar, ƙoda ta fita daga zargi.

Balaga ce ta fara faɗuwa, kuma su da kansu suka kayar da ita. Ƙannensu 'yan shekara bakwai da takwas a firamare suna yi, alhali ga wasu 'yan ajin da gashin baki ya fara tsiro musu ba su taɓa gani ba. Rake kowa na sha. Rana kuwa, 'yan mata masu talla sun fi kowa shan ta, amma takardun mata kusan duk "a'a" ne. Da muka zana taswirar gari muka ɗiga kowane "e" a unguwarsa, ɗigon suka taru wuri biyu: gefen babban kududdufin da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, da kuma bakin kanal ɗin noman rani. Aji ya ɗauki sowa. Ruwa ne, suna shan ruwan datti.

Wannan zargin ya fi kowane daɗewa, domin ya dace da duk abin da aka koya musu game da ƙwayoyin cuta: kwalara ta baki take shiga, taifot ma haka. Amma akwai ƙaya a cikinsa. Yaro da ƙanwarsa randa ɗaya suke sha, moɗa ɗaya, shi yana gani ita ba ta gani. Sai kuma wani yaro, ɗan wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garin, ya same ni bayan an tashi. A gidansu ruwan leda ake sha. Ya shiga kududdufin sau 'yan kaɗan a hutun watan Agusta, a ɓoye, bai sake komawa ba. Jinin bai fara ba sai cikin makonnin nan. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, ban kuwa ambata ba. Da na kawo labarin aji, suka ce ai mai iyo dole ya haɗiyi ruwa ko bai sani ba.

Takarda biyu suka warware wannan. Ɗaya ta mace ce, cikin 'yan ƙalilan da suka rubuta "e". Da na nemi duk masu "e" su ƙara bayanin abin da ke kai su bakin ruwa, ta rubuta cewa ba ta taɓa iyo ba, wanki da wanke-wanke take yi, ruwan ma iyakarsa ƙwauri. Ɗayar ta yaron da ke taya mahaifinsa dashen shinkafa ce, shi ma ƙafa da hannu kawai. Ba wanda ya sha a cikinsu. Abin da ya haɗa mai iyo da mai wanki da mai dashe shi ne ruwan ya taɓa fatarsu. A nan ne dogon yaron ya sake magana, wannan karon ba dariya: "Malam, in mun fito jikinmu yakan yi ƙaiƙayi. Mun ɗauka kainuwa ce."

Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai mun fita daga wani duhu ne mun shiga wani. Ta yaya abin da ya taɓa ƙwauri zai je ya yi miki a cikin mafitsara? Kuma ina ya ɓuya wata uku, daga Agusta zuwa Nuwamba?

Sai da shugaban makaranta ya yi magana da mai unguwa, iyaye suka amince, sannan muka je ɗakin gwaji na asibitin garin, rukuni-rukuni. Mai gwajin dattijo ne, ya kusa ritaya, madubin likitansa kuma irin na da ne mai karɓar haske daga taga. Ya sa sharaɗi: fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana yake so, kuma a tabbatar an tari ɗigon ƙarshe. Yaran suka tambayi dalili, ya ce, "Ku riƙe tambayar, 'ya'yana, za ta yi muku amfani gaba." Ya juya kwalbar a na'ura har gurɓin ya kwanta, ya ɗiga a gilashi, ya daidaita, ya ja da baya.

Na ga yaro ya sa ido ya ɗago da sauri kamar an tsikare shi. A cikin da'irar hasken, tsakanin jajayen ƙwayoyin jini birjik, ga wasu abubuwa masu siffar ƙwayar guna, ruwan zuma-zuma, kowane da 'yar ƙaya guda a ƙarshensa. Tsawon ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ƙwai ne."

"Ƙwai? To ina kazar?"

Dattijon ya yi dariya har da tari, ya nuna ƙasan cibiyar mai tambayar. Kazar dai tsutsa ce, kuma an ɗauki lokaci kafin a gan ta. Wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara cin karo da ita a 1851 yana binciken gawa a asibitin Ƙasrul Aini da ke Alƙahira, shi ya sa har yau ake ce wa cutar bilharziya. Ta kuwa riga shi zama a Masar da nisa: a 1910 Marc Armand Ruffer ya sami irin wannan ƙwan a ƙodar gawarwakin da Misirawan dā suka busar suka adana, masu kimanin shekara 3,000. Namijin tsutsar ya ɗan haura santimita ɗaya, macen ta fi shi tsawo da siranta, kuma a cikin wani tsagi na jikinsa take kwance tsawon rayuwarsu. Mazauninsu ƙananan jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara. A nan macen ke zuba ƙwai kullum, ƙwan ya huda bango ya faɗa cikin fitsari. Ga mikin, ga jinin ƙarshe.

Sannan dattijon ya yi wani abu da ban taɓa gani ba duk da takardar shaidar malantata. Ya zuba ruwa mai tsabta a kan gurɓin, ya ce mu jira. Ba a daɗe ba ƙwai suka fara fashewa, wasu 'yan halittu masu gashi-gashi suka fito suna zirga-zirga kamar an kunna musu wuta. A cikin fitsari ba sa ƙyanƙyashewa, sai sun ji ruwan daɗi. Nan take yaran suka rufe shari'a: mai cutar ya yi fitsari a kududdufi, ƙwai ya fashe, wannan abin ya shiga ƙafar wani. Shi ke nan.

Ban ga laifinsu ba, domin wani babban masanin tsutsotsi, Arthur Looss, wanda ya yi shekaru yana aiki a Alƙahira, haka ya yi ta cewa, kuma girman sunansa ya sa mutane da yawa suka bi shi. Amma dattijon ya girgiza kai. Wannan ɗan abin, in ji shi, ko ka tsoma hannu cikin dubunsu ba su da yadda za su yi da fatar mutum, kuma ba sa kai kwana guda a raye. Gudun nan da suke yi, wani suke nema, ba mu ba.

Wane ne a cikin kududdufin? Suka lissafo kwaɗi, talibambam, tarwaɗa, 'ya'yan sauro, matsattsaku. Matsattsaku ya sami ƙuri'a mafi yawa, don shi aka sani da shan jini. Sai dai cizonsa ba ya ɓuya, kuma yarinya mai wanki ta rubuto cewa bai taɓa kama ta ba. Dodon koɗi a ƙarshen jerin ya zo, shi ma don wani ya tuna suna wasa da katantanwarsa. Na ba su labarin yadda a 1913 wasu masana biyu a Japan, Miyairi da Suzuki, suka gano cewa 'yar'uwar wannan tsutsa da ke ƙasarsu sai ta bi ta jikin dodon koɗin ruwa, da yadda a 1915 aka tura Robert Leiper Masar saboda sojojin Birtaniya da ke can, ya tattara dodon koɗi daga magudanan ruwa kusa da Alƙahira, ya sa ɓeraye a ruwan da suka zauna, daga baya ya sami tsutsar a jikin ɓerayen. Suka saurara, amma na ga alamar gani ya kori ji.

Ranar Asabar muka je kududdufin, ni da 'yan kaɗan daga cikinsu, da takalman roba da safar hannu da rariya ɗaure a dogon sanda. Na yi ta kamfatar laka a banza, har dogon yaron ya gaji da kallona ya ce, "Malam, ba nan suke ba." Ya nuna min ƙarƙashin ganyen bado, da jikin karan dawa da ya jiƙa, da tsofaffin ledoji da ke shawagi a gefe. Da ɗan gari akan ci gari. Ƙanana ne, ba su kai farcen ɗan yatsa ba, baƙi-baƙi, kuma in ka riƙe ɗaya tsininsa na sama bakinsa na kallonka, ƙofar tana hagu. Masana na kiran irinsu Bulinus.

Muka rarraba su cikin kofunan gilashi da ruwan burtsatse, muka jera a taga da hantsi. Har azahar ba mu ga komai ba. Ba zan ɓoye ba, gumi ya keto min, na fara tunanin yadda zan fuskanci bencin baya ranar Litinin. Dattijon ya kwantar min da hankali cewa kaɗan ne daga cikinsu ke ɗauke da abin, in koma daidai inda mutane ke shiga ruwa. A zagaye na biyu, daga mashigar masu wanki, wata yarinya ta sa baƙar takarda a bayan wani kofi ta haska fitilar waya ta gefe. A cikin ruwan da muke gani garau, wasu fararen ɗigo kamar ƙurar da ke yawo a hasken taga suna ta hawa suna sauka. A ƙarƙashin madubi kowane na da kai da doguwar wutsiya mai baki biyu kamar gwafa, yana kaɗa ta ba hutawa. Tsawonsa wajen rabin milimita. Dattijon, da yake mai gaskiya ne, ya ce ba zai rantse na mutum ne ba, domin shanu ma suna da tasu irin tsutsar mai bi ta wannan dodon koɗin, kuma a wannan matakin kamarsu ɗaya. Na ji daɗin da yaran suka ji babba na cewa iya nan shaidata ta tsaya.

Yanzu sarƙar ta haɗu. Ɗan abin da ya fito daga ƙwai yana shiga dodon koɗi, ya yi makonni huɗu zuwa shida yana ninka kansa, guda ɗaya ya zama dubbai, su fito da wutsiya suna neman fata. Kuma sun fi fitowa in rana ta ɗaga, daidai lokacin da zafi ke kora yara ruwa, daidai lokacin da ƙwai ya fi yawa a fitsari. Wani ya tuna da sharaɗin ƙarfe 10 zuwa 2, ya yi tsalle. Muka koma kan jerin farko, inda muka soke rana, muka rubuta a gefenta: ba ita ta yi ba, amma da hannunta.

Saura wata ukun da suka ɓace. Na rataye babban hoton jikin mutum, na miƙa wa yarinyar nan mai maganar tsumma jan alli na ce ta fara daga ƙwauri. Abin yana huda fata cikin 'yan mintuna, ya yar da wutsiyarsa a waje, ga ƙaiƙayin. Ya faɗa jijiyar jini. Ina jinin ƙafa ke zuwa? Zuciya, ɓangaren dama. Daga nan? Huhu. Ya koma zuciya, a harba shi cikin jiki, ya yada zango a jijiyoyin hanta. A can yake cin jini ya girma, namiji ya sami mace, su biyun su gangara suna saɓa wa gudun jini har gindin mafitsara. Tafiyar da girman kan ɗauki wajen makonni goma zuwa sha biyu kafin ƙwai ya bayyana. Na hango baƙon yaron yana ƙirga watanni da yatsu a ƙarƙashin tebur.

Littafinmu ya raba jiki babi-babi, fata daban, zagayen jini daban, numfashi daban, fitsari daban, yara su haddace kowane su manta shi kafin na gaba. Tsutsar nan ba ta san babi ba. A layin alli guda ta ratsa su duka, kuma a ranar ne na fara ganin ajin nan ya fahimci cewa jinin ƙafa da na hanta kogi ɗaya ne. Har garkuwar jiki ta shigo da kanta, da wani ya tambayi me ya hana sojojin jini kashe ta. Babbar tsutsar tana lulluɓe fatarta da abubuwan da ta tsinta daga jininmu, kamar ɓarawon da ya sa rigar mai gida. Ƙwan ne jiki ke gani ya yi ta yaƙa.

Tambayar da na fi tsoro ita dogon yaron ya ajiye har ƙarshe. "To Malam, Baba fa? Ai bai sha magani ba ya daina."

Na faɗa masa gaskiya. In mutum ya girma yakan rage shiga ruwa, jikinsa ya ɗan koyi kare kansa, tsutsotsin kuma su mutu bayan wasu shekaru, sai jinin ya ragu ko ya ɓace. Shi ya sa abin ke kama da matakin girma. Amma ba duk ƙwan ke fita ba. Mai yawa na maƙalewa a bango, jiki ya kewaye shi da tabo, tabon kan iya toshe bututun da ke saukowa daga ƙoda har ƙodar ta lalace, kuma tsohuwar tsargiya na cikin sanannun musabbaban sankarar mafitsara. A jikin mata ƙwan kan kai ga al'aura da bakin mahaifa, a yi ta maganin sanyi ba a dace ba. Bai ce komai ba. Bayan kwana biyu ya tambaye ni ko babba ma ana iya gwada shi.

Maganin ƙwaya ce, farazikwantel, wadda aka samar tun shekarun 1970. A makarantu da sanda mai alamomi ake auna tsawon yaro a san ƙwaya nawa zai sha, kuma sai ya ci abinci tukuna, in ba haka ba ta wahalar da shi. Tana kashe manyan tsutsotsi, amma ba ta hana sababbi shiga gobe. Kududdufin ma ƙafewarsa a rani ba ta raba shi da dodon koɗi, cikin laka suke nutsewa su jira ruwa. Kanal kuwa ba ya ƙafewa, kuma irin wannan ruwa na dindindin ne ya sa cutar ta bunƙasa a bakin tafkin Volta bayan an gina madatsar Akosombo a Ghana. Ruwan da aka ɗebo aka ajiye kwana biyu masu wutsiyar sun mutu, ana iya wanka da shi. Duk wannan sun rubuta, sun kuma ci jarrabawa.

A damina ta gaba, da kududdufin ya sake cika, na bi ta wurin da rana tsaka a kan babur. Suna ciki tsamo-tsamo, har da 'yan bencin baya. Na rage gudu ina neman abin da zan ce, sai na ga dogon yaron ya fito da sauri, ya finciko wani ƙaraminsu da ya tsuguna a bakin ruwa, ya ja shi can nesa bayan wata katanga, ya tsaya yana gadinsa har ya gama. Sannan su biyun suka dawo a guje suka faɗa ruwan.